Ba Itacen Girki Ba Ne: Gyara Kan Hoton Makiyayan Kashmir

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi gyara a kan wani hoto da kuka buga kwanakin baya a shafinku na labaran ƙasashen waje. Hoton ya nuna wata mata daga makiyayan Jammu da Kashmir tana gangarowa daga tudu da ƙaton damin rassan itace a kanta, aka kuma rubuta a ƙarƙashinsa cewa mutanen nan masu yawo ne da ke bin ciyawa duk inda suka gan ta, ita kuwa matar itacen girki ta saro daga daji. Na san ba da wata manufa aka rubuta hakan ba, mai yiwuwa ma haka bayanin ya zo tare da hoton daga inda aka samo shi, amma dukkan maganganun biyu ba daidai ba ne, kuma kuskuren irin wanda yake jawo wa makiyaya asara ne a can da ma wasu wurare.

Ni malamin kiwon dabbobi ne. Na yi karatun digirina na biyu a wata jami'ar aikin gona da ke arewacin Indiya, inda bincikena ya shafi ganyen itatuwan da ake ciyar da awaki, kuma wannan aikin ne ya kai ni wurin mutanen nan sau biyu tare da abokan karatuna da suka iya yarensu, sau ɗaya da hunturu a ƙasar Rajouri, sau ɗaya kuma da zafi a can saman duwatsu. Duk wanda ya taɓa riƙe ganyen da ke kan matar nan zai gane shi ko a hoto: faffaɗa ne mai kaushi, gefensa da ƙananan haƙora, jijiyoyi uku kuma suna tashi daga gindinsa. Ganyen dhaman ke nan, wanda masana tsirrai ke kira Grewia optiva, ɗan uwan dargazarmu na jini. Babu mai hankalin da zai ɗauko ɗanyen reshe da ganyensa ya sha wahalar gangarowa da shi don ya hura wuta. Abincin daren dabbobinta ta ɗauko.

Makiyayan nan, waɗanda ake kira Gujjar da Bakarwal, Musulmi ne, yarensu Gojri, kuma asalinsu ɗaya, sai dai sana'a ta raba musu suna. Gujjar sun fi riƙe ɓakanen gida da shanu, suna sayar da madara da man shanu da wani cuku nasu da ake kira kalari, da yawansu ma sun zauna sun haɗa kiwo da noman masara. Bakarwal kuwa, kamar yadda sunan ya nuna, tun da bakra akuya ce ko bunsuru a yarukan yankin, masu awaki da tumaki ne, kuma su suka fi yin doguwar tafiya. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta ba da Gujjar kimanin 980,000 da Bakarwal kimanin 113,000 a Jammu da Kashmir, ko da yake shugabanninsu sun daɗe suna cewa an rage su, domin mai ƙidaya ba ya bin mutum kan dutse. Suna cin hunturu a ƙananan tuddan Jammu, a gundumomi irin su Rajouri, Poonch, Reasi, Udhampur da Kathua. Daga watan Afrilu zuwa Mayu sai su ɗaura kaya a kan dawaki da alfadarai su nufi arewa, su ƙetare duwatsun Pir Panjal ta mashigai irin su Pir Ki Gali mai tsayin kusan mita 3,500, wasu su tsaya a nan, wasu su ratsa kwarin Kashmir su hau wuraren kiwo na sama da Pahalgam da Sonamarg da Gurez. Da Satumba ko Oktoba, kafin dusar ƙanƙara ta toshe mashigan, su juyo.

Wannan ba yawo ba ne. Kowane ayari, wanda suke kira kafila, yana da hanyarsa da zangunansa da filin kiwonsa na sama, wato dhok, wanda ya gada kaka da kakanni, kuma wani ba ya shiga na wani sai da magana. Abin da ya tsara ranar tashi da ranar isa kuwa tsirrai ne. Kowane hawa na dutsen yana da abin da yake bayarwa a watan da yake bayarwa, wanda ya riga lokaci ya tarar da ƙanƙara, wanda ya makara ya tarar da ciyawa ta tsufa.

Bari in fara da hunturu, domin nan ne wuyar aikin take. Daga Disamba zuwa Maris ciyawar tuddan Jammu ta bushe ta zama kara, ba ta da abin da za ta ƙara wa dabba sai cika ciki, alhali a tsakanin nan ne da yawa daga awaki ke shayarwa. Darajar dhaman ita ce yana riƙe ɗanyen ganyensa duk tsawon sanyi, sai bazara ta kusa yake zubar da shi, kuma sinadarin gina jiki da ke cikinsa yana kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na busasshen ganyen, abin da ba ya nesa da harawa mai kyau. Na ga yadda ake saransa wata safiya a watan Janairu. Wani saurayi ya hau itacen da lauje a ƙugunsa, yana fara sara sai awakin da ke can nesa suka ɗago kai suka rugo gaba ɗaya, don sun san ƙarar. Kakansa yana tsaye a ƙasa da bargo a kafaɗa, bai ɗauke idonsa daga hannun yaron ba, da ya ga ya kai lauje kusa da wani kakkauran reshe sai ya daka masa tsawa. Abokina ya fassara mini cewa dattijon yana ce masa ne ya tsaya a kan tohon bana, ya bar uwar reshe, kuma ya rage wasu a sama don itacen ya samu abin farfaɗowa. Bayan awaki sun gama da ganyen, mata suka tattara tsumagun suka ɗaure, za a kai su rafi a danne da duwatsu su yi makonni a ruwa, kamar dai yadda ake yi wa rama a wurinmu, sannan a ɓare bayan a tufka igiyar ɗaure dabbobi da kaya. Sai abin da ya rage bayan wannan duka, farin tsinken da ba ɓawo, shi ne yake shiga murhu. To, da a ce mai rubuta bayanin hoton ya ce damin zai zama itacen girki wata rana, da ban yi masa musu ba, sai dai ya tsallake aiki biyu da suka fi wannan muhimmanci.

Ba dhaman kaɗai ba ne. A ƙananan tuddan akwai magarya da bagaruwa, su ɗin dai da muka sani, can suna kiransu ber da kikar, akwai wata ƙaya da suke kira phulai da zaitun ɗin daji da suke kira kahu, waɗanda awaki ke miƙewa da ƙafa biyu su ci. A ƙasa akwai kiri-kiri, wanda suke kira khabbal. Akwai kuma kharik, Celtis australis, ɗan uwan zuwo, wanda ake sara tun kafin sanyi ya kankama domin shi yana zubar da ganye da hunturu. Mutanen kwarin Kashmir suna kiransa brimji, kuma a maƙabartu da hubbaren waliyyai aka fi ganin manyansa. Na yi mamaki ƙwarai da na ga cewa dangin itatuwan da Bafulatani ke hawa da rani a dajin Bauchi ko Adamawa su ne waɗanda makiyayin Himalaya ya zaɓa, ba tare da ɗaya ya taɓa jin labarin ɗaya ba.

In aka ƙara hawa sai a shiga yankin itatuwan da masana ke kira Quercus, waɗanda ba su zubar da ganye. Na ƙasa shi ne banj, mai farin bayan ganye, sama da shi moru, can kusa da inda daji ke ƙarewa kuma kharsu. Su ne madogarar masu ɓakane da shanu idan ƙanƙara ta rufe ƙasa. Amma a nan ilimin ya fi zurfi, domin ganyen nan yana ɗauke da sinadarin nan mai bauri da majema ke nema a 'ya'yan bagaruwa, kuma a sabon toho ya fi yin ɓarna. Saniyar da ta cika cikinta da ɗanyen tohon banj ba tare da wani abu ba, cikinta yana ɗaurewa, ƙodarta ta lalace, tana iya mutuwa. Makiyayan ba su san sunan sinadarin ba, amma sun san cewa ƙosasshen ganye ake ba dabba, a haɗa da busasshiyar ciyawa, kuma akuya ta fi saniya jure shi. Mu mun shafe watanni a ɗakin gwaji muna auna abin da dattijon nan zai gaya maka kafin shayinsa ya huce.

A tsakiyar hanya, cikin dajin itatuwan sanyi, awaki suna cin wani ƙaramin itace mai jan fure da ake kira kathi, Indigofera heterantha, dangin baban rini, da ganyen wasu manyan itatuwa biyu, Aesculus indica da Ulmus wallichiana. Wannan na ƙarshe ya sha sara har ya yi ƙaranci, domin itacen da ake aske wa kai kowace shekara ba ya samun damar yin iri. A ƙauyukan kwarin Kashmir kuwa, waɗanda suka zauna daga cikin Gujjar da maƙwabtansu suna shanya ganyen itacen Salix, wanda da katakonsa ake yin sandar wasan kurket, suna kuma murɗa busasshiyar ciyawa kamar igiya su rataye a tsakanin rassan itace yadda ƙanƙara ba za ta binne ta ba. Baƙo zai zaci sheƙar wani ƙaton tsuntsu ce.

Can sama, inda itace ya ƙare, filaye ne shimfiɗe da ciyawa mai laushi dangin Poa da Festuca, da wani tsiro mai ganye uku dangin wake da ake kira Trifolium, da ɗimbin ƙananan ganyaye masu furanni. Watanni uku zuwa huɗu na wannan wuri su ne ribar shekara: a nan dabba take yin kitsen da za ta gangara da shi, a nan madara take yin kauri. Ko a nan ma ba sakin dabba ake yi kawai ba, domin mai ganye ukun nan idan tunkiya mai yunwa ta ci shi da raɓa yana kumbura mata ciki, shi ya sa na ga ana jinkirta sakin garke har rana ta ɗan ɗaga. Gaba da haka, wajen Drass, akwai wani tsiro mai ƙamshi da mazauna wurin ke yanka su shanya don hunturu. Wani likitan dabbobi ɗan Ingila, William Moorcroft, ya gan shi a tafiyarsa ta shekarun 1820, ya burge shi har ya aika da irinsa gida, aka sa masa suna Prangos pabularia, kalmar ƙarshen kuwa ma'anarta abincin dabbobi a Latin.

Rabin ilimin makiyayi sanin abin da dabba za ta ci ne, ɗaya rabin sanin abin da zai kashe ta. A saman duwatsun akwai wani itace mai kyawawan furanni da kauri a ganye, Rhododendron, wanda yake kore shar ko da ƙanƙara ta rufe komai, don haka dabbar da ta iso da yunwa shi take fara kai wa baki. Na ga akuyar da ta ci shi. Tana tsaye ƙafafu a buɗe, yawu na dalala, tana cizon haƙora, can sai ta kwarara koren amai, abin da duk mai kiwo ya san ba ɗabi'ar dabba mai tuƙa ba ne. Uwar gidan ta matse ta tsakanin gwiwoyinta ta ɗura mata tsala da gishiri, aka kwantar da ita a inuwa, washegari ta tashi tana tangaɗi. Abin da mai garken ya fi nanatawa shi ne cewa akuyar sayenta ya yi a kasuwa a ƙasa, ba haihuwar garkensa ba ce, domin 'ya'yan garke suna bin iyayensu mata suna koyon abin da ake tsallakewa. Haka labarin wata ciyawa da Kashmirawa ke kira gumai yake: dokin wurin ba ya taɓa ta, baƙon doki ne yake ci ya faɗi. Akwai kuma Aconitum mai shuɗin fure, wanda gubarsa ta shahara tun zamanin da. Mai kiwo a ƙasarmu zai tuna da tururubi da samberu, da yadda baƙuwar saniya ce ta fi faɗa musu. Wato ba a kan mutum kaɗai ilimin yake ba, har garken ma yana da nasa, kuma da tafiyar ƙafa ake gadonsa.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Wuraren hunturun nan suna ƙanƙancewa, ba don gine-gine da shingayen hukumar gandun daji kaɗai ba, har da baƙin tsirrai. Lantana, wadda aka kawo Indiya a farkon ƙarni na 19 don ƙawata lambu, ta mamaye tuddan Jammu ta zama sarƙaƙiyar da ba abin da ke tsirowa a ƙarƙashinta, dabbar da ta ci ta kuma hantarta ke taɓuwa, shawara ta kama ta, fatarta ta riƙa saɓulewa a rana. Parthenium, wadda aka fara lura da ita a Indiya a shekarun 1950, ta cika gefen hanyoyi da zangunan da ake kwana. A sama kuma, tashin hankalin da ya ɓarke tun 1989 ya sa an rufe wasu wuraren kiwo na kusa da layin da ya raba ɓangaren Indiya da na Pakistan, sai garkunan suka taru a abin da ya rage.

Ba zan ce makiyayan ba su da laifi ba. Duk dhok ɗin da dabbobi suka yi wa yawa, za ka gane shi daga nesa: ciyawa mai daɗi ta ɓace, wani faffaɗan ganye da ake kira Rumex nepalensis da wani mai wari, Sambucus wightiana, sun cika wurin, dabba kuwa ba ta son ko ɗaya. Na ga itatuwan burza, masu farin ɓawon da mutanen da ke rubutu a kansa, an sassare su har sun zama kamar turaku. Amma idan aka rufe wa mutum fili uku cikin biyar sannan aka zo ana nuna yadda ya cinye biyun da suka rage, an faɗi gaskiya ne rabi.

Hukumomin yankin sun yi abubuwan da suka cancanci yabo. A 1991 aka sa Gujjar da Bakarwal cikin jerin ƙabilun da tsarin mulkin Indiya ya ba kulawa ta musamman. A 2021 aka yi ƙidayar masu hawa da sauka da dabbobi, aka samu mutum kimanin 612,000, daga 2022 kuma aka fara ba su manyan motoci su kwashi iyali da dabbobi a kan babbar hanyar Jammu zuwa Srinagar da hanyar Mughal, tafiyar makonni ta koma ta kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya taɓa ganin garke a tsakiyar kwalta, motoci na danna masa ƙaho a kan kwana mai rami a gefe, ba zai raina wannan taimako ba, kuma tsofaffi da masu ciki sun huta. Duk da haka ina da tsoro a kansa, a matsayina na wanda ya karanci cikin dabba. Makonnin nan na tafiya ba ɓata lokaci ba ne, kiwo ne. A cikinsu tumbin dabba yake sabawa sannu a hankali daga busasshen abinci zuwa ɗanye, a cikinsu ƙanƙarar sama take narkewa, a cikinsu kuma yaro yake jin sunan kowane ganye daga bakin kakansa. Motar da ta sauke garke a gindin dutse kafin ciyawar sama ta fito ta rage wahalar hanya, amma sai an tanadi abin da dabbar za ta ci a kwanakin da aka rage, in ba haka ba koren ganyen nan mai guba ne zai tare ta. Ya kamata ranar tashin mota ta fito daga bakin shugabannin kafila, ba daga takardar ofis ba.

Akwai kuma dokar haƙƙin mazauna daji ta Indiya ta 2006, wadda ba ta fara aiki a Jammu da Kashmir ba sai bayan sauyin matsayin yankin a 2019. Dokar ta amince a fili da haƙƙin kiwo na al'umma, har da na masu hawa da sauka bisa yanayi, ƙa'idojinta kuma sun yarda a karɓi bayanin dattawa a rubuce a matsayin hujja. A nan ne sanin tsirrai yake zama abin da ya wuce sha'awar masana. Mutumin da ba shi da takardar fili, amma zai iya lissafa maka zango bayan zango, ya ce a nan akwai kahu, a can kharsu ya fara, a wancan rafin ake jiƙa tsumagun dhaman, ya kuma nuna maka tabon lauje na shekara da shekaru a jikin itace, ya kawo shaidar da ta fi takarda wuyar ƙirƙira. Rubutun da ya ce masu yawo ne da ke bin ciyawa duk inda suka gani yana rushe wannan hujja ne kai tsaye, domin wanda ba shi da hanya tabbatacciya ba shi da abin da zai nema a ba shi. Wanda aka ce itacen girki yake sara kuwa, ɓarawon daji aka mai da shi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2026 a matsayin shekarar filayen kiwo da makiyaya, don haka na san hotuna irin wannan za su yi ta zuwa teburinku daga Indiya da Mongoliya da Habasha da ma dazukanmu, inda ake hawa gawo da kawo da madobiya don dalili ɗaya da wanda ya sa saurayin nan ya hau dhaman. Roƙona shi ne a riƙa nuna irin waɗannan hotuna ga wanda ya san kiwo kafin a sa musu bayani, kuma a ofishinku ma da wuya a rasa wanda ya tashi a gidan da ake yanko wa awaki ganye. Game da wannan hoton kuwa, ina roƙon ku gyara bayaninsa a shafinku na intanet, a rubuta cewa mace ce daga makiyayan Jammu ɗauke da ganyen dhaman da za ta ciyar da dabbobinta a lokacin hunturu.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku,
Wani malamin kiwon dabbobi,
daga Zariya.